Fulawata mai kaurin ganye ta yi dogon wuya ta ranƙwafa, in datse ta ko in ƙyale?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu kiwon fulawa a taimaka min da shawara. Ina da irin wannan mai kaurin ganyen da ake cewa jed, tun tana 'yar ƙarama take wajena a falo can gefen taga. To yanzu ta yi dogon wuya, kara ɗaya ne kawai ya miƙe sama babu reshe ko ɗaya, tsakanin ganye da ganye ya yi nisa, ganyen ƙasa duk sun zube, kuma saboda nauyin kan ta fara ranƙwafawa har sai da na kafa mata tsinke na ɗaure. Wata ta ce min in datse kan kawai zata fito da rassa, ni kuma wallahi tsoro nake ji kar in kashe ta. Datsewar nan tana da amfani da gaske? In kuwa za a yanka a ina ake yankawa, da me, kuma me ake yi wa wurin bayan an yanka?

Dan_Lambu: Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki cire tsoro, jed na cikin waɗanda suka fi jure yanka, in dai saiwar lafiyarta ƙalau kuma karan bai ruɓe ba zata tofo. Ki duba jikin karan da kyau zaki ga wasu layuka sun zagaye shi, to nan ne gaɓa, inda ganye ya taɓa fitowa ya faɗi. Ki yanka sama da gaɓa kaɗan, kamar rabin santimita haka, ɗan guntun da ya rage zai bushe da kanshi ya faɗi. Ganyen jed bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, shi ya sa yawanci duk inda kika yanka rassa biyu ne zasu ɓullo. In waɗancan biyun suka ɗan tasa kika ƙara tsinke musu kai sai su zama huɗu, a haka ake samun ta yi duhu ta zama 'yar bishiya. Sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai, ki goge da sifirit kafin ki fara. Abin kamar aski ne, an rage na yau wani ya fito.

Hajiya_MaiFure: Dan Lambu ban ƙi ta taka ba amma kar ka ce mata kamar aski ne, gashi ba ya ciyar da mutum, ita kuwa wannan shukar ganyen nan shi ne abincinta shi ne ajiyar ruwanta. 'Yata ki saurare ni, abin da kika kwatanta ba yanka ne maganinsa na farko ba. Nisan nan da kika ga tsakanin ganye da ganye, haske take nema, miƙa wuya take yi tana bin taga. In kika datse kika mayar da ita inda take, sababbin rassan ma haka zasu fito sirara dogaye, kin ga kin yi aikin banza, maimakon wuya ɗaya kin samu biyu. Ki fara canza mata wuri tukuna.

Dan_Lambu: Wannan gaskiya ne Hajiya, na yarda hasken shi ne tushen matsalar. Amma kuma wurin da ya riga ya miƙe ba ya komawa, ko an kai ta inda rana ta fi ko'ina sabon ganyen ne kawai zai fito a haɗe, tsohon karan yana nan yadda yake siriri. Ƙarshenta ma kan ya ƙara nauyi a kan siririn kara ya karye. Don haka yankan dai ba makawa.

Zee_Kore: Laa wannan matsalar tawa ce sak amma ni Echeveria ce, mai zagayen ganye ɗin nan da ke kwanciya a ƙasa. Tawa ta tashi tsaye ta yi kara tsirara, ganyen suka koma suna kallon ƙasa, launin ma ya koɗe. Sare kan na yi gaba ɗaya na bar masa kara kamar santimita 4 a ƙasa, na ajiye a inuwa a kan takarda har bakin ya bushe ya yi tauri, sannan na ɗora a kan busasshiyar ƙasa ban zuba ruwa ba. Wallahi Anti da na ga farar saiwa 'yan sirara sun fara leƙowa har ihu na yi. Kututturen da na bari a tukunya shi ma ya fito da 'ya'ya a jikinsa ta ko'ina. Don haka kar ki yar da kan da kika yanke, fulawa ce sabuwa kyauta.

Maman_Ilham: Nagode sosai. @Hajiya_MaiFure Mama gaskiya tagar akwai labule mai kauri kuma rana ba ta shigowa ta nan sai da yamma lis. Ban taɓa kawo wa raina haske ne ba, ni na ɗauka taki take so.

Hajiya_MaiFure: A'a 'yata kar ma ki soma ƙara mata taki a cikin duhu, ƙara zuƙewa zata yi. Jed tana son haske mai ƙarfi aƙalla awa 4 zuwa 6 a rana, ranar safe ta fi mata. Sai dai kar ki ɗauke ta daga falo ki dire ta cikin tsakar rana lokaci guda, ganyen da ya saba da inuwa ƙonewa yake yi ya yi tabo ruwan ƙasa kuma tabon ba ya gogewa. Kaɗan-kaɗan, yau awa ɗaya gobe a ƙara, har ta saba. Ki riƙa juya tukunyar ma lokaci zuwa lokaci don kar ta karkata gefe guda. Alamar ta samu abin da take so zaki ga bakin ganyen ya ɗan yi ja.

Malam_Kimiyya: Bari in ɗan tofa albarkacin bakina a kan dalilin da ya sa yankan kai yake haifar da rassa, don in mutum ya gane dalilin tsoron yana raguwa. A can tsinin kan kowane reshe shuka tana samar da wani sinadari da ake kira oksin, yana gangarowa ƙasa ta cikin kara yana danne idanun da ke kwance a kowace gaɓa, ya hana su tofowa. Muddin kan yana nan su suna barci. Da zarar an cire kan sai dannewar ta sassauta, idanun da suka fi kusa da wurin yankan su farka. Masana biyu, Thimann da Skoog, sun nuna haka tun 1933 a kan wani nau'in wake, suka cire kan shukar idanun gefe suka tofo, da suka sa oksin a wurin yankan sai idanun suka ci gaba da kwanciya. To abin da Dan Lambu ya faɗa ke nan na yanka sama da gaɓa, domin a gaɓar idon yake. Ita jed ɗin sunanta na kimiyya Crassula ovata, asalinta daga Afirka ta Kudu da Mozambik take, a can a fili take fitowa a gangaren duwatsu tana shan rana har ta fi tsayin mutum, kun ga kuwa bayan labule ba zai ishe ta ba. Maganar Hajiya da ta Dan Lambu duka daidai ne, abin da ya rage kawai wanne za a fara.

Abu_Sadik: Ni dai in na yanka toka nake barbaɗawa a wurin ko garin gawayi, ban taɓa samun ruɓewa ba. Wasu kuma kirfa suke sawa. Maman Ilham ki samu ɗaya daga ciki.

Bintun_Baba: Ni an ce min a shafa man baselin ko a ɗiga kyandir a toshe wurin saboda kar iska ta shiga, haka ne?

Dan_Lambu: @Bintun_Baba a'a 'yar uwa kar ki yi, iskar ai ita ake nema. Wurin yankan so ake ya bushe ya yi ɓawo da kanshi, in kika toshe da mai kin kulle laima a ciki, daga nan ruɓa ke farawa. Tokar Abu Sadik ba laifi don tana tsotse danshi, amma ni na sha yanka ban sa komai ba ya warke sumul. Abin da yake kashewa shi ne ruwa ya taɓa ɗanyen yanka, ko a yanka da almakashi mara kaifi ya matse karan ya farfasa shi.

Abu_Sadik: To ai ni ban ce dole ba ne, amma in wurinku akwai laima a iska ko lokacin da ake ta ruwan sama babu ƙaƙƙautawa, yankan ba ya saurin bushewa, a nan tokar take amfani. Wanda yake wuri mai busasshiyar iska shi ba ruwansa. Kowa da inda yake zaune.

Malam_Kimiyya: Maganar laima gaskiya ce Abu Sadik. Shi ya sa ma ba a iya yanke wa mutum kwanaki, a busasshen wuri siririn reshe kwana 2 zuwa 3 ya ishe shi, mai kauri ko a wuri mai laima yana kai mako ɗaya ko fiye. A duba da ido kawai, in bakin ya bushe ya yi tauri babu sauran damshi to ya yi. Sifirit ɗin gogewa kuma mai kashi 70 cikin 100 ya wadatar, kuma a sake goge rezar in za a tashi daga wata shuka zuwa wata, ta nan ake ɗaukar cuta a kai wa mai lafiya.

Nas_MaiJinya: Dan Allah kafin kowa ya ɗauki reza ya tabbatar da abin da yake yankawa. Jed ba ta da matsala a hannu, amma akwai masu kama da su da ake ajiyewa a ɗaki 'yan dangin Euphorbia, dangin su tinya da aguwa, musamman mai siraran rassa kore tsaye babu ganye ɗin nan, Euphorbia tirucalli. Duk wadda kika yanka kika ga farin ruwa kamar madara ya tsatso to ki yi hattara, yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa azaba ce ta gaske har mutum ya kasa gani na wani lokaci. A sa safar hannu, a sa tabarau, kar a sosa ido, kar a bar yara kusa, a wanke wuƙar da hannu da sabulu. In tsautsayi ya sa ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 sannan a wuce asibiti, kar a tsaya ana jiran ya lafa. Ina roƙonku kar a ɗauki wannan da wasa.

Zee_Kore: Subhanallah, ina da ita kuwa a baranda kuma ƙannena suna wasa a wurin. Nagode Anti Nas, yau zan ɗaga ta sama.

MaiKyanwa: Tunda an zo nan nima in ƙara, masu kyanwa ko kare a gida ku kwashe ganyen da kuka yanke kar ku bari a ƙasa. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka mai kula da dabbobi ta sa jed cikin shuke-shuken da ke cutar da kyanwa da kare, tana sa su amai da kasala. Kalanchoe, wata fulawar mai kaurin ganye, ita ma haka har ta fi, don ita sinadarin da ke cikinta zuciya yake taɓawa. Tawa kyanwar ba ta kula shukar a tukunya amma da ganye ya faɗo ƙasa sai ta hau wasa da shi tana cizo, to tun daga nan in zan shanya yankakkun rassa a saman kabad nake sawa in rufe ɗakin.

Sabon_Shiga: Afuwan zan ɗan kauce, alobera ma haka ake mata? Tawa ganyen sun yi tsawo sun baje wasu sun karye a tsakiya. Na yanki ganye ɗaya na dasa ya ruɓe.

Hajiya_MaiFure: Ɗana alobera ba ta bin wannan hanyar, ganyenta ba ya zama sabuwar shuka, ruɓewa yake yi kamar yadda ka gani. 'Ya'yan da take fitarwa a gindinta su ake rabawa in sun ɗan girma sun yi tasu saiwar. In zaka rage mata ganye ka ɗauki na waje na ƙasa, tsofaffin, ka yanke tun daga tushe, kar ka taɓa na tsakiya don daga nan take girma. Ganyen da aka yanke rabi ba ya ƙara tsawo, bakin ne zai bushe ya tsaya a haka. Kuma bajewar nan da ka ce, ita ma ka duba haske, alobera mai samun rana ganyenta a tsaye suke.

Sabon_Shiga: Allah ya saka da alheri Mama, ashe duk maganar ɗaya ce.

Kawu_Manomi: Ba ɗaya ba ce gaba ɗaya yaro, kowace da halinta, shi ya sa nake jin tsoron a ba mutum doka guda ya je ya yi wa duk abin da ke gidansa. Ga misali doguwar nan mai ganye tsaye da ratsin rawaya a baki, wadda aka sani da Sansevieria, tun 2017 ma masana sun mayar da ita cikin Dracaena. Ita in ka yanka ganyenta gunduwa-gunduwa ka dasa yana kamawa, amma 'ya'yan da zasu fito kore ne zalla babu rawayan, in kana son ratsin sai ka raba ta daga saiwa. Kuma dole ka kiyaye wane ɓangare ne ƙasa, in ka dasa a kife ba zai yi saiwa ba. Sannan Aeonium, wata mai zagayen ganye ta tsibiran Kanari da ke teku kusa da arewa maso yammacin Afirka, ita a lokacin sanyi take girma da zafi kuma ta yi barci, in ka yanke ta da zafi sai ka yi ta jira shiru. Dokar da na yarda da ita kawai ita ce a yanka lokacin da shukar take cikin girma, wato kana ganin sabon ganye yana fitowa a kai. In ta tsaya cak ba motsi a ƙyale ta.

Maman_Ilham: Kawu tawa tana fitar da sabon ganye a saman kam, ƙanana masu haske. To yanzu nawa zan cire? Karan ya kai tsawon kamu biyu da ɗan wani abu, kuma rabin ƙasa babu ganye ko ɗaya. In na yanka a ƙasa ke nan kututture zalla zai rage.

Dan_Lambu: Abin da aka saba faɗa shi ne kar a cire fiye da kashi 1 cikin 3 a lokaci guda, amma wannan ga shuka mai rassa da yawa ne da ake gyara wa siffa. Taki kara ɗaya ce, in kika cire ɗan sama kawai rassan zasu fito can ƙololuwa a kan siririn kara, matsalar nauyi ta dawo. Ni da tawa ce zan sauko ƙasa inda karan ya yi kauri ya fara zama ruwan toka, in bar gaɓa uku ko huɗu daga ƙasa in datse. Kan da aka cire in raba shi biyu, kowane in cire ganyen ƙasa in shanya in dasa. Ko kututturen ya ƙi, kina da biyu a hannu, kuma da wuya ya ƙi.

Hajiya_MaiFure: Ni kuma da tawa ce ba zan bar ta tsirara ba. Shukar da ta daɗe a duhu ba ta da ƙarfin ajiya, ganyen nan 'yan kaɗan su ne suke riƙe da ita. Na ga kututturen jed da ya tofo, na kuma ga wanda ya yi ta zama har ya motse ya bushe, kuma duk waɗanda na ga sun bushe masu rauni ne tun farko. A kai ta haske ta yi kamar wata ɗaya ko biyu ta murmure, ganyen su yi kauri su yi tauri, sannan a yanka, kuma a bar mata ko da ganye bibbiyu ne. Gaggawar me ake yi, jed shuka ce mai tsawon rai, ana gadonta ma.

Ummu_Hanan: Ina bayan Hajiya. Ni tawa a hankali na bi ta, duk reshen da ya fitar da ganye ya ɗan yi tsawo sai in sa farce in tsinke 'yan biyun saman, ko reza ban taɓa sa mata ba, yanzu ta cika tukunya gindin ya yi kauri. Amma fa gaskiya tun tana gajeriya na fara, ban san ko zai yi wa wadda ta riga ta miƙe ba.

Dan_Lambu: To kin faɗi amsar da kanki Ummu Hanan, tsinke kai na mai gajeren kara ne. Ta Maman Ilham ta wuce nan.

Zee_Kore: Wani abu da ba a faɗa ba, ganyen da kika cire daga ƙasan reshen ma kar ki zubar. In ya fita cif daga jikin kara bai yage ba, ki kwantar da shi a kan ƙasa kawai kar ki binne, zai fitar da saiwa da ɗan ƙaramin tsiro a bakinsa, uwar ganyen ta yi ta motsewa har ta bushe. Yana ɗaukar lokaci kam kuma ba duka ke kamawa ba. Sannan masu Echeveria in kuna yanka ku riƙe ta kara, farin garin nan da ke kan ganyen kariya ce daga rana da ruwa, in yatsa ya goge shi ba ya dawowa a wannan ganyen.

Bintun_Baba: Tawa Echeveria ɗin ta fitar da wani dogon tsinke da furanni a kai, wata ta ce min in ta yi fure mutuwa zata yi in yi sauri in yanke. Hankalina ya tashi wallahi.

Malam_Kimiyya: Kwantar da hankalinki 'yar uwa, Echeveria ba ta mutuwa don ta yi fure, tsinken daga gefe yake fitowa tsakanin ganye, tsakiyar tana ci gaba da girma. Ki bar shi ki more, in furen ya bushe ki yanke tsinken daga ƙasa. Waɗanda suke mutuwa bayan fure su ne wasu masu kaurin ganye irin Sempervivum da yawancin Agave, su tsakiyar ce da kanta take miƙewa ta zama fure, shi ke nan babu inda zata ƙara girma, amma kafin nan yawanci sun bar 'ya'ya a gefe. Abin da zan ce ki lura da shi a tsinken fure shi ne ƙwari, suna son taruwa a wurin.

Abu_Sadik: Ƙwarai, musamman fararen nan masu auduga-auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Maman Ilham ki duba taki kafin ki dasa kan, kar ki kwashe su zuwa sabuwar tukunya. Auduga da sifirit a dangwala musu suna mutuwa nan take, amma sai an yi ta bibiya don ƙwansu yana ɓoye.

Maman_Ilham: Na duba babu ƙwari alhamdulillah. Na matsa karan ma kamar yadda wata ta ce min ta saƙo, da tauri yake har ƙasa babu inda ya yi laushi. Amma na lura tukunyar ba ta da huji a ƙasa, irin ta ado ce mai sheƙi, kuma ƙasar ta daɗe ba ta bushewa in na ba ta ruwa. Shi ma matsala ne?

Kawu_Manomi: Babbar matsala ma kuwa 'yata, wataƙila zubewar ganyen ƙasan nan har da wannan a ciki. Kuma ki sani in kika datse, ganyen da ke jan ruwa daga ƙasa sun tafi, ruwan zai zauna a tukunya babu mai sha babu hanyar fita, sai saiwa ta ruɓe, mutum ya ce yanka ne ya kashe alhali ruwa ne. Yawancin waɗanda na ji suna cewa sun datse ta mutu in ka bincika tausayi ne ya sa suka ƙara mata ruwa bayan yankan. Ki nemi tukunya mai huji, ta yumɓu mara fenti ta fi don tana numfashi, kar ta yi girma da yawa. Ƙasar ki haɗa rabi ƙasar shuka rabi yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ba lallausan yashi ba don shi daskarewa yake yi. In kika zare ta ki duba saiwar, mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske da ƙarfi, wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana wari ki yanke har sai kin kai wuri mai kyau. Bayan dashe ki bari kamar mako ɗaya kafin ruwa, daga nan kuma sai ƙasa ta bushe har ciki kafin a sake, in za a ba ta a ba ta sosai har ya fita ta hujin.

Ummu_Hanan: Kawu su kuma yankakkun da aka dasa yaushe ake fara ba su ruwa? Nan ne nake rikicewa kullum.

Kawu_Manomi: Sai sun yi saiwa, abin da ba shi da saiwa da me zai sha. Yawanci mako 2 zuwa 4, ki ɗan ja shi a hankali in kin ji ya riƙe ƙasa to ya kama. Ganyen zai ɗan yamutse kafin nan, kar ya dame ki, ajiyarsa yake ci. A wuri mai haske amma ba rana kai tsaye ba har sai ya kama.

Hajiya_MaiFure: To kun gani ko, yanzu abu uku ke gabanta, sabon wuri, sabuwar ƙasa, ga yanka. Dan Lambu kai ma ka san ba a haɗa wa shuka mai rauni duka a rana ɗaya. Ni shawarata tana nan, tukunya da haske yanzu, reza daga baya in ta ga sabon ganye ya fito a haɗe.

Dan_Lambu: Hajiya da girmanki, a nan kam ina ganin haɗawar ta fi. In an canza ƙasa dama ba za a ba ta ruwa ba na kwanaki, yankan ma bushewa yake so, kin ga hutun ruwa ɗaya ya ɗauke biyun. Sannan doguwar shuka mai nauyin kai a sabuwar ƙasa mai yashi ba ta tsayawa, tana ta rawa saiwar ba zata kama ba sai an yi ta ɗaure-ɗaure. In kuma aka taras saiwar ta lalace aka rage ta, dole a rage saman don saiwar da ta rage ba zata iya ɗaukar nauyinsa ba. Sai dai na sauko a kan abu ɗaya, ta bar ganye bibbiyu kamar yadda kika ce in akwai a inda karan yake da ƙwari.

Malam_Kimiyya: Ina ganin saiwar ce zata raba gardamar nan. Maman Ilham ki zare ta tukuna ki gani, in kin iya ki ɗora mana hoto. Ni a nawa ganin in saiwar ta cika ƙasa fara tas ko wanne kika bi cikin biyun zata rayu, in kuwa ta ruɓe da yawa to ceton kan ya zama wajibi, a yanke a dasa tun kafin ruɓar ta hau kara.

Hajiya_MaiFure: In ruɓa ce ba ni da ja Malam. In lafiya lau take kuwa ina nan a kan bakana.

Maman_Ilham: Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Na daina ba ta ruwa daga yau don ƙasar ta sha iska ta yi sauƙin zarewa, na kuma matso da ita tagar da rana ke shigowa da safe. In na samu tukunya mai huji zan zare in ɗauki hoton saiwar in turo. Tambaya ɗaya kafin nan, in saiwar ta nannaɗe ta dunƙule wuri guda ana warware ta da hannu ne ko a dasa ta a haka?

Kawu_Manomi: A warware a hankali da yatsa ko da ɗan tsinke, a kakkaɓe tsohuwar ƙasar gwargwadon iko don ita ce mai riƙe ruwan. In 'yan ƙananan sun tsinke ba komai, ki bar ta a inuwa kwana ɗaya su bushe sannan ki dasa.

Zee_Kore: Anti dan Allah ki haɗa da hoton karan gaba ɗaya daga ƙasa har sama, ina son in ga inda Dan Lambu zai ce a yanka, don jed ɗin ƙawata ma haka ta yi amma ita rassa biyu ne kuma ɗayan ya fi ɗayan tsawo sosai, ban sani ba ko daidaita su ake yi ko dogon kawai ake ragewa.